Baban Tagwayen da Bai Haifa Ba

Daga Allah muka zo, gare shi muke komawa, kuma Baba Babba ya riga mu tafiya. Yayan mahaifina ne. Ya rasu a gidansa na unguwar Jambutu a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Garwa ke hana ko akuya barin gindin bango, bayan wata gajeriyar jinya da har ya koma ga Allah bai yarda a kira ta jinya ba.

An taru, ba zan ce ba a taru ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida har sun kai bakin titi. Ni ina ciki wajen mata, amma nakan fito miƙa ruwa da shayi, kunnena kuwa ba ya hutu. Abin da na gane a wannan zama shi ne kowa ya san Baba Babba, amma babu wanda ya san aikin da ya yi.

“Tafinta ne ai, a meri,” in ji wani dattijo. Meri muke ce wa ofishin magajin gari a nan.

“A’a, shi ne mai tarbo Nasara a filin jirgi,” in ji na kusa da shi.

Wani ɗan kasuwa ya gyara zaman hularsa ya ce, “Shi ne dai ya sayar musu da kasuwa. Allah ya yafe masa, mu dai mun yafe.”

Yadda ya furta “mun yafe” ɗin nan, na rantse saura kaɗan in sake masa butar shayi a ƙafa. Na haɗiye, saboda ba wurin faɗa ba ne.

Waɗanda suka yi kuka na gaske su ne matan da ke sayar da kifi a bakin kogin Binuwai. Suka shigo a ayari, zannuwansu na ƙaurin hayaƙi, suna addu’a da Fulatanci, suka zube a tsakar gida. Mutanen meri ma sun zo, sun yi jawabi mai kyau da Faransanci, sun sha ruwa sun tafi. Mahaifina kuwa yana zaune a gefen tabarma yana karɓar gaisuwa a matsayin ƙanen mamaci, alhali ya yi shekaru bai taka wannan gida ba.

Da yamma, da mutane suka ɗan ragu, Inna, matar Baba Babba, ta jawo gefen mayafina. Tun safe ba ta ce komai ba sai “amin”.

“Tagwayen sun ji?” ta tambaye ni.

Na ce za su ji. Daga ranar wannan tambaya ta zama gaisuwarmu ta safe, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Sai na yi bayani ga wanda ba ɗan Garwa ba. Akwai wani abu da Faransawa ke kira jumelaj, wato a haɗa gari da gari su zama tagwaye. Garinmu ya yi irin wannan haɗi da wani gari mai sanyi a ƙasar Turai, kuma Baba Babba ne ya riƙe igiyar daga wannan ɓangare kusan duk tsawon aikinsa. Shi ke zuwa can, shi ke tarbar na can in sun zo. Idan wani kamfani na waje zai haɗa hannu da gari a gina wani abu, kamfani ya sa dukiyarsa, gari ya ba da fili da izini, shi ke zama a tsakani har a daidaita. Wannan ne ya sa ’yan kasuwa suka laƙaba masa Baban Tagwaye. Ba don yabo suka sa ba, don kowa ya san Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Inna. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu biyu. In an kira shi da shi a hanya sai ya ɗaga hannu ya ce, “Suna lafiya, suna gaishe ku.”

Mu Hausawan Garwa jikokin fatake ne. Kakanmu fatoma ne, irin mai gidan nan da baƙon ɗan kasuwa ke sauka wurinsa, ya ci ya sha, ya ajiye kayansa, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in an yi gardama. Mahaifina ya gaji rumfar atamfa. Baba Babba, da yake shi aka sa a lakwal, wato makarantar boko, har ya kai babban birni Yawunde, ya ce shi fatomancin ya gada, kwat kawai ya ƙara masa. Ya kan ce bambancinsa da kakanmu shi ne baƙin kaka da jakuna suke zuwa, nasa da jirgi.

Da gaske yake yi. Bai taɓa yarda a sa hannu a kan wata yarjejeniya ba sai baƙin sun ci tuwon Inna. Ko sun ce lokacinsu ya ƙure, sai ya kwaso su zuwa Jambutu, ya sa su cire takalma, ya zaunar da su a tabarma da dogayen ƙafafunsu da ba su san inda za su kai su ba, a ajiye musu miyar yakuwa da kifi. Mu yara a lokacin muna leƙe ta taga muna mutuwa da dariya, muna kallon manyan injiniyoyi miya na bin gwiwar hannunsu. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da bayin Allah haka. Ya ce, “Mutumin da na ga yadda yake cin tuwo, na san yadda zai yi in aiki ya tsaya. Wani yakan tambayi Innarki yadda ake yi. Wani yakan ɓoye lomar a ƙarƙashin kwano. Na biyun nan sai na ƙara karanta takardarsa.”

Shi ya tsaya kai da fata aka bar ni a makaranta har na zama malamar Faransanci, don haka na fi sauran ’ya’yan dangi zama kusa da shi. Ina aji na sama ya fara ɗaukata zuwa taro in riƙe masa jaka. A nan na kama shi da laifi. Wani injiniya, zafi ya dame shi, haƙurinsa ya ƙare, ya ce da Faransanci mutanen nan ba su san darajar lokaci ba, in ba za su iya ba a kai aikin wani gari. Baba Babba ya juya ga masu unguwanni ya ce musu, “Baƙonmu ya ce yana ɗokin ganin an fara, har barci ba ya yi.” Wani mai unguwa ya amsa da cewa in sauri yake yi ya koma inda ya fito, ba su aika a kira shi ba. Baba Babba ya juya ya ce wa injiniyan dattawa sun ce aikin da za a daɗe ana mora ya cancanci a zauna a kansa. Kowa ya gyaɗa kai, aka tashi ana musabaha.

A mota na ce, “Baba, ba haka suka faɗa ba fa.”

Ya ce, “Haka za su faɗa gobe in sun huce. Na riga su ne kawai.”

Kalma ɗaya ce bai taɓa sassautawa a kanta ba. In baƙi suka ce sun zo taimaka mana, sai ya gyara musu a gaban kowa, cikin murmushi, ya ce tarayya suka zo yi. Bai yarda baƙi su tafi hannu wofi ba, kuma bai yarda abin da za a ba su ya tsaya a kilishi da ƙwarya mai zane ba. Ya taɓa dagewa sai da aka tura wata ungozoma tamu can ta yi wa ɗalibansu bayanin yadda ake karɓar haihuwa in wuta ta ɗauke. Mutanen meri suna ta dariya wai me Bature zai koya a wurinmu. Ya ce in ɗaya kullum shi ke bayarwa, ɗaya kullum shi ke karɓa, a daina cewa tagwaye, a nemo wani sunan.

Abin da ya fi ba shi suna a can, kamar yadda shi ya ba mu labari, ba gini ba ne. Ya je aiki garin tagwayen sai ya ji matar wannan injiniya mai zafin rai ta rasu. Ya tambayi lokacin da ake zaman makoki, aka ce masa ba a yi, an binne, kowa ya koma aikinsa. Abin ya tsaya masa a wuya. Ya sa babbar rigarsa a kan kayan sanyi, ya nemi gidan, ya ƙwanƙwasa. Mutumin ya buɗe ya ce lafiya, akwai wata takarda ne? Baba Babba ya ce babu, zama ya zo yi. Ya shiga ya zauna, bai ce komai ba. Mutumin ya kawo kofi, ya yi ta kai da kawo yana jiran jin abin da ya kawo shi. Da ya ga da gaske zama ne kawai, sai shi ma ya zauna. Can sai ya fara ba da labarin matarsa, bai tsaya ba har hasken taga ya canza.

Tun daga nan Baba Babba ya mai da abin doka a gidansa. Duk wanda aka yi wa rasuwa a cikin mutanensa na can, uwa ce ko miji ko ɗa, sai ya buga waya. In ya gama nasa sai ya miƙa wa Inna, don a ganinsa gaisuwar mutuwa ba ta cika da bakin namiji kaɗai. Inna ba ta yi lakwal ba. Hausa da Fulatanci take ji, Faransancinta bai wuce na cinikin tumatir ba. Ya zaunar da ita ya koya mata kalma ɗaya, kondoleyans, wato ta’aziyya. Takan riƙe wayar da hannu biyu ta faɗe ta a hankali, sannan ta ci gaba da Hausa, “Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya sa ta huta,” kamar na can yana ji. Ta yi wa mutanen da ba ta san fuskarsu ba, ta yi wa waɗanda suka ci tuwonta. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai takan ce mutanen nan suna yawan mutuwa a lokacin ɗora tukunya.

Rigimarsa da mahaifina a kan kasuwa ce. An yi yarjejeniya da wani kamfani ya rushe wani ɓangare na tsoffin rumfuna ya gina shaguna na siminti. Baba Babba ne ya kai ya kawo har abin ya tabbata, yana cewa ya gaji da ganin gobara na cinye dukiyar mutane. Rumfar kakanmu na cikin waɗanda aka rushe. Da aka zo rabon sababbin shaguna sai aka yi ƙuri’a, ta jefa mahaifina can baya, kusa da masu niƙa, inda ƙurar gari ke sauka a kan atamfa. Ya zo Jambutu da kansa, ina nan a ranar.

“Yaya, kalma ɗaya za ka faɗa a dawo da ni bakin hanya. Rumfar ubanmu ce fa.”

“In na faɗa maka, da wane baki zan hana na wani?”

“Wani ɗan’uwanka ne?”

“Na yi wa mutane alkawari ƙuri’a ce za ta raba.”

Mahaifina ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, “Kai baƙo ya fi maka ɗan’uwa. Ka riƙe tagwayenka, Allah ya sa su binne ka.”

Bai sake shiga gidan ba. Suna haɗuwa a masallacin Juma’a da wurin suna da jana’iza, su yi musabaha da yatsu, kowa ya kama gabansa. Ni a lokacin na ba mahaifina gaskiya, har yau ma ban ƙwace duka ba, don na ga yadda cinikinsa ya koma. Amma na kuma ga Baba Babba yana aiken mutane su sayo masa atamfa a shagon ƙanensa ba tare da sun faɗi wanda ya aiko su ba. Inna ta tara zannuwan da ko za ta shekara tana canzawa ba za ta gama ɗaura su ba.

Haka ya rayu a tsakiya. ’Yan kasuwa na cewa ɗan Nasara ne. Wasu a ofis na cewa Bahaushe ne, dillanci ke jininsa, wa ya san abin da yake samu a ƙarƙashin tebur. Baƙin kuma in ya matsa musu a kan haƙƙin gari sai su ce yana jan ƙafa. Mutumin da ake zargi da cin kasuwa guda ya mutu a gidan da rufin ɗakin girkinsa ke yoyo.

Aikin da ya fi so shi ne ɗakin sanyi na bakin kogi, mai aiki da hasken rana, inda matan kifi ke ajiye abin da bai ƙare ba maimakon su karyar da shi da yamma ko su kwana suna banda. Sai da ya kai mutanen kamfanin har garin Tibati, inda ake kamo kifi, su ga yadda kifi ke lalacewa a hanya kafin suka yarda. Ɗakin ya yi aiki shekaru masu kyau. Daga baya aka sayar da kamfanin ga wani kamfani, na biyun bai san da zaman Garwa ba, injin ya lalace, aka rasa mai kawo abin gyara. Lokacin Baba Babba ya riga ya yi ritaya. Duk da haka yakan hau mashin ya je ya zauna a inuwar ɗakin tare da matan, ya ce musu ya yi magana, ana dubawa. Sun san ba abin da ake dubawa. Sukan ba shi kujera, su naɗe masa kifi a takarda ya kai wa Inna.

Shekarun ritayar nan su ne ba na son tunawa. Kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kwat ɗinsa, ya zauna a zaure, waya a kan gwiwa. Da farko tana ƙara. A hankali mutanensa na can suka yi ritaya su ma, wasu suka mutu, aka zuba sababbi. Ya sa na saka masa yanayin garin tagwayen a wayar. Sai in shigo gumi na zuba mini, iska ko motsi ba ta yi, ya ɗago ya ce, “Yau ƙanƙara ke zuba a gidan tagwayenmu. Ko sun sa rigunan kirki?” Nakan ce, “Baba, su fa ba su san ana gasa mu a nan ba.” Sai ya ce sun sani, aiki ne ya yi musu yawa.

Bayan rasuwarsa na yi iya ƙoƙarina. Na bi lambobin da ke cikin wayarsa. Wasu ba sa shiga. Ta injiniyan nan ɗansa ne ya ɗauka, ya ce mahaifinsa yana gidan kula da tsofaffi, ba ya gane kowa. Ofishinsu na can kuwa wata murya mai ladabi ta ce in aika saƙo a rubuce, za a miƙa wa wanda ya dace. Na aika. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, tabarmi suka koma gidajen masu su. Inna ta shiga takaba a ɗakinta, ita da carbi da wayar Baba Babba, wadda ba ta yarda cajinta ya ƙare. Kullum na biyo kafin in wuce makaranta sai ta ce, “Tagwayen sun ji?” Na yi tunanin in yi mata irin ta mijinta, in ce sun aiko suna gaisuwa. Na kasa, domin ba saƙo take jira ba. Ita da ta riƙe waya ta faɗa da bakinta, so take ta ji da kunnenta.

Rannan da hantsi, ranar da ba makaranta, wayar ta yi ƙara. Lambar waje ce. Inna ta miƙo mini ita. Wani mutum ne daga ofishin tagwayen, cikin fara’a, yana neman Baba Babba. Ya ce tawagarsu za ta zo Garwa, ya ga wannan lamba a tsoffin takardu, ko zai taimaka musu da mota da direba? Ashe saƙona bai kai gare shi ba. Na faɗa masa Baba Babba ya rasu. Ya faɗi kalmar nan ta ta’aziyya, sannan ya tambaya to yanzu wa ya kamata ya kira.

Inna ta ji kalmar, don ita kaɗai ta sani a duk maganar.

“Ya faɗa?”

“Ya faɗa, Inna.”

“Ni zai faɗa wa ai. Ba ni.”

Kafin in miƙa mata ya riga ya yi sallama. Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta ce in sake kiransa in ce in sun iso su sauka a nan, mai gidan ba ya nan amma gidan yana nan. Na kira. Ya yi godiya sosai, ya ce dokar tsaro ta hana su shiga unguwanni, daga otal sai wurin taro. Na faɗa mata haka, ban rage komai ba.

Ranar da suka iso Inna ta sa aka sayo kifi da yakuwa. Na ce, “Inna, sun ce fa ba za su zo ba.” Ta ce baƙo yakan faɗi haka. Aka share tsakar gida, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Azahar ta yi, la’asar ta yi, tuwo ya huce a cikin kwano. Washegari ta sake ɗora tukunya. Wannan karon ban iya tsayawa ba. Na tafi kasuwa, na zauna a shagon mahaifina ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ina ba shi labari.

Ya saurare ni har na gama. Ya tashi ya jawo ƙofar shago ya sa kwaɗo, da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba sai ranar Juma’a.

“Tashi ki raka ni. Ni ba na jin yarensu.”

Mun same su a farfajiyar otal suna shan abin sanyi, takardu a gabansu. Mahaifina, da ƙurar niƙa a kafaɗar rigarsa, ya yi sallama ya ƙi zama. Ya ce da ni, “Ki faɗa musu yadda na faɗa. Kada ki sa masa sukari irin na Babanki.”

Ya ce, “Mutumin da kuka kira wayarsa yayana ne. Saboda aikinku ya rushe rumfar ubanmu. Saboda aikinku na yi shekaru ban shiga gidansa ba, har ya mutu ban ce masa ya yafe mini ba. Matarsa ta yi wa matattunku ta’aziyya tun wasunku suna makaranta. Yau kwana biyu tana dafa muku abinci. A nan, in mutum ya mutu, zuwa ake yi. In abin da ya yi ba a banza ya yi ba, ɗayanku ya taso ya je ya zauna a gabanta. In kuwa babu mai zuwa, ku faɗa mini yanzu, in san a banza na rasa ɗan’uwana.”

Na fassara kalma da kalma. Suka kalli juna. Shugabansu, wanda muka yi waya da shi, fuskarsa ta yi ja, ya fara bayanin doka da inshora da taron da ke jiransu. Ban ga mugunta a tare da shi ba, mutum ne da bai san abin da ya taka ba. Yana cikin magana wata matashiya a ƙarshen tebur, wadda na ɗauka ita ce ƙaramarsu, ta rufe kwamfutarta ta ɗauki jakarta. Shugaban ya kira sunanta. Ta ce masa ya rubuta cewa ta fita ba da izini ba.

A ƙofar ɗakin Inna, matashiyar ta ga takalma a jere, ta cire nata ba wanda ya ce mata. Mahaifina ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, ya jingina da bango. Yarinyar ta durƙusa a tabarma, ta yi gaisuwarta, Inna ta amsa da amin. Aka kawo tuwo, ta ci kaɗan. Inna tana ta kallonta, kallon wanda ya daɗe yana jira.

“Tambaye ta,” in ji Inna, “me suke cewa a kansa a can?”

Na tambaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce ba za ta yi wa matar da ke cikin makoki ƙarya ba. Ba ta daɗe da fara aiki ba, waɗanda suka san shi duk sun tafi, ita ba ta taɓa jin sunansa ba sai yau.

Na tsaya da maganar a bakina. Na dubi mahaifina, ya kau da kai. Inna ta ce, “Faɗa mini, na ga fuskarta ai.” Na faɗa mata.

Ta ajiye carbinta a kan cinya. Ta ɗauki wayar Baba Babba, wadda ba ta rabu da ita ba tun ranar jana’iza, ta miƙo mini ta ce in kashe ta.

Sannan ta gyara zama ta fuskanci yarinyar.

“Ki ce mata ta miƙe ƙafarta, za ta daɗe. Tunda babu wanda ya san shi a can, ita za ta koma da shi.”

Ta fara daga ranar da aka kawo ta wannan gida. Na yi ta fassarawa har inda muryata ta iya kaiwa.